Gujiyar Robar da Ka Bari a Rumfata

Wurno, ƙarshen damina.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin lafiya, kai da iyalinka Rabi, da gwaggonka Asabe da ta ba ku masauki a Sakkwato. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na gari, ya sa zaman da za ku yi har yarinyar nan ta sauka ya zama na alheri. Mu muna nan yadda ka bar mu. Ba labarin gari na zauna ba ka ba, don babu wani sabo sai wanda ba ya da daɗin ji.

Shehu direba zai miƙa maka ƙunshi tare da takardar nan. Abin da ke ciki ka san shi. Gujiyar robar nan ce da Malama Saratu ta asibiti ta ba Rabi aro, ƙwallon nan dogo da ake hura wa iska, mai kumburi a kai biyu da tsukakken tsakiya kamar kwanson gujiya, wato gyaɗa, wanda mai ciki ke sawa tsakanin ƙafafunta in ta kwanta. Na tsince ta a rumfar facina bayan tafiyarku. Da na kira ka a waya ka ce mantuwa ka yi. Nasiru, ni na haife ka. Ƙarƙashin tsofaffin tayoyi na same ta, an tura ta can ƙurya an kuma rufe da buhu.

Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma ya ƙare mini. Na san kunyar shiga mota da ita ka ji, kuma na san inda kunyar ta samo asali, don ina wurin. A tasha na so in yi maka magana, amma na ƙare da Allah ya kiyaye hanya. A waya kuwa ba ka da amsa sai “To, Baba,” ko ban gama faɗa ba. Shi ya sa na nemi biro. Idona ba ya gani sosai yanzu, hannuna kuma ya saba da ƙarfe, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Zan fara da dariyar da na yi. Ka tuna ranar da ka kawo ta rumfa a naɗe cikin leda, kana magana ƙasa-ƙasa, ka ce in sa mata iska in ba kowa? Ban jira ba. Malam Garba mai shayi na zaune, ga 'yan kabu-kabu suna jiran a yi musu faci, na ɗauko famfo na kama bugawa. Abu ya fara tashi, kai ɗaya ya kumbura, ɗayan ma ya biyo, kowa ya bar abin da yake yi ya zuba ido.

Malam Garba ya ce, “Kai Nasiru, mi ag ga wanga? Ƙwallo na ko matashin kai?”

Kafin ka buɗe baki na riga ka. Na ce, “Sabon irin gujiya na daga asibiti. Cikin ɗaki aka shuka shi, ba shi son ruwa.”

Rumfa ta kwashe da dariya, ni ma na yi har da hawaye. Daga ranar 'yan kabu-kabu suka sa maka Mai Gujiya, kuma na ga yadda ka daina biyowa ta gaban rumfa in za ka shagonka na ɗinki. Ka san halina, in na ga hanyar barkwanci ba na iya riƙe bakina, haka na tsufa. Innarka ma ta yi nata. Da ta ji an ce a asibiti Rabi ta riƙa kwana da gujiya, sai ta soya mata kwano guda ta aika, har da gishiri. Amma nata kuskuren an ci an sha ruwa. Nawa ne ya sa ka ɓoye abin da matarka ke bukata.

To ka ji. Mutanen nan da suka yi dariya ba mugaye ba ne, mutanena ne, amma dariyarsu ba ta wuce inuwar rumfa. Bara da muka binne ɗanku na fari, su ne dai suka zo suka zauna a tabarma, suka yi addu'a, kowa ya karkaɗe rigarsa ya koma sana'arsa. Rabi ce ta koma ɗaki da nono cike da ruwa ba mai sha. A Sakkwato ma za ka samu irinsu, a unguwa ko a bakin asibiti. Wanda ya tambaye ka, ka ce kayan asibiti ne na iyalina, ka wuce. Wanda ya yi dariya ka bar shi ya gama.

Kuskurena na biyu ya fi ci mini rai, don a kan sana'ata na yi shi. Tun ina saurayi nake sa wa taya iska. A wurina iska mai kyau ita ce wadda in ka danna da babban yatsa ba ta lotsawa. Haka na yi wa gujiyar nan. Na buga mata iska har ta yi tauri tana ƙyalli, na ƙwanƙwasa na ji tana amsawa, na ce a raina ko ba komai surukata za ta san aikin gwani ne. Ka ɗauka ka kai gida.

Bayan kwanaki sai ga Malama Saratu ta tsaya da mashin gaban rumfa, gujiyar ɗaure a baya. Na ɗauka faci ya kawo ta. Ta gaishe ni da ladabi, ta kwance ta, ta ajiye a gabana.

Ta ce, “Baba, wa yab buga ma wagga iska?”

Na ce, “Ni na, Malama. Ta sace?”

Ta ce, “Ina hwa ta sace! Baba, wagga ai ba tayar kabu-kabu ta ba. Rabi ta zo awo tana ɗingishi. Nit tambaye ta, tac ce ba komi. Sai da nim matsa mata tac ce ƙugunta na, tun randa anka kawo abin ga ba ta barci.”

Na ce, “To mi yah hana ta hwaɗi a rage?”

Malama ta dube ni ta ce, “Tac ce Baba na yas sa iskar da hannunshi. Ba ta iya cewa ba ta yi ba.”

Yarinya da tsohon ciki tana ɗora ƙafa kan abu mai tauri kamar turmi, tana kwana da ciwo, don kada a ce ta raina aikin surukinta. Kai kuma kana ɗaki ɗaya da ita ba ka lura ba, ko ka lura ka yi shiru don kada ka zo ka ce mini na yi ba daidai ba. Dukanku biyu ladabi kuka yi mini, kuma ladabin nan ya kusa gurgunta ta.

Malama ta cire toshin ta saki iska, ta kama hannuna ta ɗora, ta ce in danna. Na danna ya lotsa kaɗan, na saki ya dawo. Ta ce haka ake so. Daga nan ta shiga yi mini bayanin yadda ake amfani da ita, a gaban Malam Garba da kowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko wata taya da ba abin da ya same ta na kama jujjuyawa, kaina a sunkuye, amma kunnena na wurinta. Abin da na riƙe shi zan rubuta maka, ka karanta ko kunya za ta kashe ka.

Ta ce mai ciki ta kwanta a gefe ɗaya, ba rigingine ba. A sa gujiyar tsakanin ƙafafunta, ƙafar sama ta hau kan tsukakken wurin nan na tsakiya, ta ƙasa ta ɗan lanƙwashe. Yanzu kafin naƙuda, amfaninta ta huta, ƙugu da baya su sami sauƙi. In naƙuda ta zo, ta ce in mace na da ƙarfi gara ta tashi ta yi 'yar tafiya, ta jingina, ta durƙusa yadda jikinta ya ba ta. Amma in ta gaji ta kwanta, ko an sa mata ruwa a hannu ba halin tashi, a nan gujiyar ke aiki, don tana buɗe ƙugu yaro ya sami hanyar saukowa. Ba a barin ta gefe ɗaya ta daɗe. Bayan ɗan lokaci a cire, a taimaka mata ta juya ɗaya gefen, a mayar. In ta ce ƙugunta ko gwiwarta na ciwo, a cire a gyara, a rage iska, ba a ce mata ta daure ba. Kuma ta ce in gaya maka wannan da babbar murya: gujiyar ba magani ba ce, ba kuma ungozoma ba ce. In aka ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburi, ko yaro ya daina motsi, ba maganar roba ake ba, asibiti ake nufa.

Shawarar da zan ɗora a kai tawa ce. Rabi ba za ta ce maka abu na damunta ba. Haka aka raine ta a Shinaka, haka innarka take, haka uwata ta kasance. In ka tambaye ta ta ce lafiya lau, kada ka ce alhamdu lillahi ka juya. Ka duba yadda take tashi, ka duba ko ta ci abinci, ka sake tambaya ta wata hanyar. Iskar kuma Rabi ce za ta ce ta yi ko ba ta yi ba, ba kai ba, ba ni ba. Ka sa, ta gwada, ka rage, ta sake gwadawa. Kuma juyawar nan, a gidan gwaggonka ba wanda zai yi mata sai kai. Asabe ta tsufa, bayanta ba zai ɗauka ba. Uwar Rabi da ya kamata a ce tana gabanta, tun da 'yan bindiga suka tashe su suna raɓe a gidan mutane a Goronyo, ita ma ta kanta take. In ka tsaya jiran mace ta zo ta yi aikin mata, babu macen.

Na gaji, Nasiru. Na gaji da zaman makoki. A shekarun nan na je jana'izar waɗanda aka harbe a gona, na je ta waɗanda aka tare a hanyar Rabah, na dawo na buɗe rumfa na ci gaba da faci, don ba yadda zan yi da masu bindiga. Amma ta bara daban take, ita ce ke hana ni sakewa. Rabi ta kwana ta wuni tana naƙuda a ɗaki, mu maza muna zaure. Ka leƙo ka dube ni, na san abin da idonka ke tambaya, na ce maka mata sun san abinsu, mu jira. Muka jira. Da mata suka fito suka ce a nemo mota, rana ta riga ta faɗi, ba direban da zai hau hanya. Da gari ya waye aka kai ta, likita ya ceto uwar, yaron ya riga ya tafi. Kwanansa ne ya ƙare, na sani, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma kalmar “mu jira” daga bakina ta fito, kuma tun daga ranar ban sake faɗa wa kowa ita ba, ko mai jiran faci.

Saboda haka ne da likita ya ce wannan karon a babban asibitin Sakkwato za ta haihu, kuma ku kasance kusa tun kafin lokaci, ban yi gardama ba, ko da yake rufe shagonka ya yi mana nauyi. Kun je kusa da asibiti, saura ku shiga. Ka tara Rabi da gwaggonka, ka faɗa da bakinka su ji: duk lokacin da abu ya taso, kana nan ko ba ka nan, ka yarda a tafi, ba sai an neme ka ba. Kada ka ce ai sun sani. Mace na iya zama da ciwo tana jiran izinin da mijinta yake zaton ya riga ya bayar. Ka kuma san mai Keke Napep ɗaya ko biyu a unguwar, ka san ƙofar gidajensu, kada ka dogara da waya kaɗai.

Ranar da za ku tafi asibiti, ka ɗauki gujiyar da hannunka, a hure. Ba lallai su bar ka ka shiga ɗakin haihuwa ba, kada ka yi musu rigima. Ka miƙa wa malamar da ke aiki, ka ce a Wurno aka ba ta, ta saba da ita, in da hali a sa mata. Wata za ta karɓa, wata za ta ce ba su san wannan ba. Ka yi magana da ladabi, ka bar musu hukunci, su ne masu aikin. Amma kada ka miƙa kaya ka tafi neman shayi. Ka tsaya inda in aka fito neman mijin Rabi za a gan ka.

Sauran ƙanana ne, na mai faci. Na sace iskar don ta shiga mota, na naɗe ta cikin zanen innarka. Toshin yana ƙulle a bakin zanen, kada ka yar, don babu irinsa a kasuwa. Na sa maka ƙaramin famfona na hannu. Kada ka kai ta wurin masu injin iska, za su yi mata irin tawa ko su fasa ta. Kada a bar ta a rana, kada a ajiye kusa da murhu. A riƙa rufa mata zane mai tsabta kafin a ɗora ƙafa, a goge ta da ruwa da sabulu. Kai kuma tela ne, na san ka tafi da kayan aiki, kuma na san yadda kake watsar da allura duk inda ka zauna. Ka share ɗakin da kyau. In ta huje kada ka yi mata faci da kanka, ni ma da na yi shekaru ina yi ban yarda in liƙa abin da mai ciki za ta dogara a kai ba. Aro ce kuma, akwai wata mai cikin da ke jiran ta bayan Rabi.

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne ya sa na kasa aika ƙunshin hannu sake. Jiya bayan azahar na kawo gujiyar gida don in sace iskar. Innarka na kwance a tabarma a inuwa, ciwon ƙugun nan nata ya tashi. Ta dube ta ta ce in miƙo mata ta ga abin da ake ta magana a kai. Na ce ke da kika gama haihuwa tun tuni? Ta ce in dai miƙo. Na taimaka mata ta juya gefe, na ɗaga ƙafarta na ɗora yadda Malama ta ce. Rabona da in riƙe ƙafar innarka har na manta. Ba nauyi ko kaɗan, duk ta rame ban sani ba.

Ta lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, “Ashe akwai yadda aka kwanciya ba a jin ciwo.”

Ta ce, “Malam, ka tuna randa nih haihi Nasiru?”

Na ce na tuna mana. Lokacin rumfata na jikin katangar gidanmu. Ina cikin aiki aka leƙo aka ce an sauka, namiji. Ban ji ko tari ba. Na yi shekaru ina ba da labarin nan a majalisa, ina cewa matata ba ta da raki, haihuwa take kamar ba ita ba. Kai ma ka sha ji daga bakina.

Ta ce, “Ni ɗai ta cikin ɗaki. Ungozoma ta tahi biki, ba a same ta ba. Ina durƙushe na ciji zane, ina jin muryarka bayan katanga kana ba wani labari kuna dariya. Na ga mutuwa ƙiri-ƙiri. In da na ɗaga murya kaɗan da ka ji. Na buɗe baki in kira ka, nit tuna kana cikin mutane.”

Na ce, “Mi yas sa ba ki taɓa gaya mani ba?”

Ta ce, “Kana jin daɗin labarin.”

Nasiru, na zauna a ƙasa kusa da ita, tsoho da ni, na rasa inda zan sa idona. Kunya na ji, da tausayi, da wata irin gajiya da ban taɓa ji ba. Ita kuwa ko a jikinta, ta gyara kwanciya ta ce in bar mata abin zuwa la'asar kafin in sace iskar. Na bar mata.

Da na zo naɗewa ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara. Ga shi: “Ka ce ma Rabi in abin ya zo ta yi kuka, ta yi ihu, ta kira sunan wanda taka so. Ka ce ni nic ce. Duk wadda tac ce ta yi raki, ta zo ta same ni.”

Ni ba zan iya faɗa wa surukata wannan ba, innarka kuma ba ta iya hawa mota. Kai ne za ka faɗa mata, yau, kada ka bari sai ranar. In ta sunkuyar da kai ta yi dariya ta ce to, ka maimaita har ka ga ta ji. Kuma in ta kira, sunanka za ta kira.

Allah ya raba su lafiya, ya ba ta sauƙin naƙuda, ya sa mu ji kukan yaron nan da kunnenmu. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya tsare Shehu da motarsa a hanya, ya dawo mana da ku ku uku. Ka gaida gwaggonka, ka ce na gode. Innarka na gaishe ku.

Ni ne mahaifinka,
Mamman mai faci.